Kafin a Sauke Giyabos: Gano Ciwon Kuloci da Birki a Motar Dizal ta Hannu

Yawancin kuɗin da masu motar dizal ke kashewa a kan kuloci da birki a Kano, canki-canka ce ke cinye su. Giya ta ƙi shiga da safe, kafin azahar an sauke giyabos, an tura yaro Ƙofar Ruwa ya sayo faifan kuloci, an ɗaura, mota ta koma gidan jiya, domin tun farko ciwon yana jikin wata 'yar roba da ke bayan feda. Birki ya yi tauri, a canja masta, wato silindar da ke tura mai idan an taka feda, alhali tiyo ne ya tsage a bayan injin. Mafi yawan gwajin da ke gano waɗannan abubuwa, mai mota zai iya yin su da ƙafarsa da kunnensa da tocila, tun kafin a ɗauko sifana.

Motar dizal ta bambanta da ta fetur a wurare biyu da suka shafi wannan batu. Injin dizal ba ya samar da zuƙon iskar da ke taimaka wa birki da kansa, sai an haɗa masa famfo na musamman. Sannan ƙarfin juyinsa tun yana ƙasa-ƙasa ya fi na fetur nesa ba kusa ba. Injin 1.9 TDI mai doki 110 na Volkswagen yana ba da Nm 235 (ma'aunin ƙarfin juyi) tun a juyi 1,900 a minti, 2.0 HDi mai doki 110 na Peugeot 406 yana ba da Nm 250, shi kuwa Golf mai fetur 1.6 bai kai 150 ba. Duk wannan ƙarfin ta kan kuloci yake bi ya isa taya.

A fara da kofin man birki

Ajiye motar a wuri daidai, kashe injin, buɗe bonet. A motoci da yawa na Turai, irin su Golf da Passat da Sharan, kuloci daga kofin man birki yake sha, kuma da gangan aka sa bakin tiyonsa sama da na birki. Idan mai ya ragu, kuloci ne zai fara shan iska ya mutu, birki ya saura. Saboda haka fedar kuloci da ta zube ƙasa ba zato ba tsammani tana iya zama gargaɗi ne cewa birki na yoyo a wani wuri. A tsofaffin Hilux kuwa kuloci na da ɗan kofinsa daban, sai a duba kowanne.

Man da ke da lafiya garau yake, ana hango gindin kofi ta cikinsa. Idan ya yi baƙi, ya tsufa, kuma robobin ciki sun fara narkewa a cikinsa. Juya murfin ka dubi robar da ke ƙasansa. Idan ta kumbura ta yi laushi, wani ya taɓa zuba man giya ko man sitiyari ko baƙin mai a ciki, kuma yadda wannan robar ta kumbura haka duk robobin masta da na kalifa, wato abin da ke matse faifan birki a taya, suka kumbura. Irin wannan mota wankewa kawai ba ta isar mata, sai an canja robobin gaba ɗaya. Ruwan omo da wasu direbobi ke zubawa idan mai ya ƙare musu a hanya shi ma haka: zai kawo ka gida, ya bar maka tsatsa a cikin silinda.

Man birki yana shan danshi daga iska. Mai samfurin DOT 4 sabo sai ya kai digiri 230 yake tafasa, amma idan ya sha ruwa kimanin kashi 3.7 cikin ɗari, a digiri 155 zai tafasa. DOT 3 kuwa daga 205 yake faɗowa 140. A zafin watan Afrilu na Kano, da rana ke haura digiri 40, ga lodi, ga taka-saki daga Bata zuwa 'Yan Kura, tsohon mai yana iya tafasa a cikin kalifa. Alamarsa ita ce feda ta tafi ƙasa fayau, bayan mota ta huce kuma ta dawo kamar ba a yi ba. Mutane sukan ce ai ta gyara kanta. Ba ta gyara ba, za ta sake. Duk shekara 2 ake zubar da man a sa sabo, lita 1 tana isar ƙaramar mota. A bi abin da aka rubuta a kan murfi, kuma kada a kuskura a haɗa DOT 5 da sauran, domin shi na silikon ne.

Idan mai ya ɗan sauka a hankali cikin watanni, galibi fad ne, wato abin da ke gogar faifan birki, ke cinyewa, fistin yana ƙara fitowa, mai yana bin sa. Kada a yi ta cikawa ba a duba fad ba. Idan kuwa yana raguwa cikin mako kuma ba a ga ɗigo a ƙasa ba, wurare uku yake ɓuya: cikin duram na baya, cikin bustar birki ta bayan masta, ko cikin kwandon da ke tsakanin injin da giyabos.

Abin da fedar birki ke faɗa

Busta ita ce baƙar tukunyar da mastan birki ke manne a jikinta, ita ke ninka ƙarfin ƙafa. Gwajinta ba ya cin minti biyu. Injin a kashe, taka birki sau 5 ko 6 har ya yi tauri. Riƙe shi a take, ka tayar da mota. Ya kamata feda ta ɗan nutse ƙarƙashin ƙafarka. Idan ba ta motsa ba, bakum, wato zuƙon iskar nan da famfo ke samarwa, ba ya isa busta, ko bustar ta fashe. Idan ta nutse, bar injin ya yi aiki minti 1, ka kashe, ka jira minti 5, ka sake takawa. Takun farko da na biyu su zo da laushi, daga nan su fara tauri. Idan tun takun farko ya zo da tauri, akwai inda bakum ke zurarewa: tiyo, ko ɗan bawul mai hanya ɗaya da ke kan tiyon, ko fatar cikin busta. Ƙarar huci da ba ta yankewa a wajen feda muddin ƙafa na kai, fatar busta ce.

A nan ne wanda ya saba da motar fetur yake ɓata. A tsofaffin injina irin su Toyota 2L da 3L, Mitsubishi 4D56 da Nissan TD27, famfon bakum a bayan altaneta yake. Ke nan bel ɗin altaneta idan ya saki ko ya tsinke, ba caji kaɗai aka rasa ba, taimakon birki ma ya tafi bayan taku biyu ko uku. Wanda fitilar batir ta kama masa a kan titin Zariya ya san da wannan, ya rage gudu tun da wuri. A injinan HDi da yawancin TDI kuwa famfon a ƙarshen kamshaf yake. Famfon da ya gaji yana da alama tasa: a buɗaɗɗen titi birki lafiya lau, amma a cikin cunkoso, injin yana silo, takun farko ya yi kyau, na uku ya ƙi takuwa. Famfon ne ba ya iya mayar da abin da aka kashe da sauri. Bakaniken da ke da agogon bakum zai cire tiyo ya auna. Lafiyayyen famfo yana kai wa wajen 0.7 zuwa 0.9 a ma'aunin bar cikin 'yan daƙiƙu. Baƙin mai ne ke shafe famfon nan, don haka motar da ake jinkirta mata juye, dattin mai yana toshe 'yar hanyar da ke kai masa, ya ci kansa. A yawancin TDI da HDi bakum ɗin nan ne kuma ke sarrafa tabo (turbo), shi ya sa idan birki ya yi tauri kuma mota ta rasa ƙarfi a lokaci guda, ƙananan tiyoyin bakum ake fara bi ɗaya bayan ɗaya.

Feda mai laushi da ke ƙara tauri idan an bubbuga ta, iska ce a layi. Amma kafin a ce iska ce, a motar da ke da duram a baya, ja birkin hannu rabi ka sake takawa. Idan feda ta hau sama, layinin baya ne ya yi nisa da duram, gyaran tazara yake so.

Feda mai nutsewa a hankali idan an riƙe ta, ba tare da mai ya ragu ba, robobin masta ne ke sakin mai ta ciki. Sai dai a yi wannan gwajin injin a kashe. Motocin dizal da dama, saboda ƙarfin bakum ɗinsu, idan ka danne birki da iya ƙarfinka injin yana aiki, feda takan ɗan ci gaba da sauka, kuma ba ciwo ba ne. An sha canja lafiyayyen masta a kan wannan. Kashe injin, bubbuga har ta yi tauri, riƙe da matsakaicin ƙarfi na daƙiƙa 30. Idan ta tsaya cak, mastanka lafiya yake.

Sauran sai a kan titi. Nemi wuri marar jama'a, kamar titin Gwarzo bayan an wuce sabuwar Jami'ar Bayero da sassafe, ka taka birki daga gudun kilomita 50, hannu a sake a kan sitiyari. Idan mota ta ja dama, galibi ƙafar hagu ce ba ta kamawa, domin mota ɓangaren da ke aiki take bi. Idan sitiyari na karkarwa, faifan birki na gaba ne kaurinsa bai daidaita ba. Idan a kujera da feda ake ji, na baya ne. Bayan tafiyar kilomita 5 ba tare da yawan birki ba, sauka ka kusanta bayan hannu da kowane wili, kada ka taɓa faifai. Ƙafar da ta fi 'yar'uwarta zafi tana riƙewa. A ɗaga ta a jak, a sassauta notin cire iska. Idan mai ya yi tsartuwa kuma taya ta saki, tiyon roba ne ya ruɓe ta ciki, yana barin mai ya shiga ya hana shi komawa. Idan ba ta saki ba, fistin ne ko sandunan da kalifa ke zamewa a kansu suka cije. Ƙurar hunturu da ruwan damina ne ke jawo wannan da zarar robar da ke rufe su ta yage. Giris na silikon ake shafa musu, domin giris na gama-gari yana kumbura robar.

Fad sabo yana da nama wajen milimita 10 zuwa 12, a milimita 3 ake canja shi, kuma ƙafa biyu tare. A duba na ciki da na waje, domin idan kalifa ta cije, ɗaya yakan ƙare ɗaya yana nan. Kowane faifai an buga mafi ƙarancin kaurinsa a jikinsa, kuma wanda ya kai nan ba a kai shi wurin mai lefe, wato mai injin fere ƙarfe, canja shi ake yi.

Ga motar da ta shigo ta Kwatano ko Legas, a kwanta a ƙarƙashinta da tocila a bi bututun ƙarfe na birki har baya. Gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin sanyi yana cin su, musamman a saman tanki da inda maƙalai suka riƙe su. Idan an juya wa motar sitiyari daga dama zuwa hagu, a dubi waldar da ke riƙe da fedoji da inda aka yi wa bututu ƙari. Akwai kuma mummunar ɗabi'ar nan ta kashe ƙafa ɗaya, a daddatse bututu ko a cusa masa ƙusa saboda yana yoyo. Duk wanda zai sayi mota ya tabbatar mai na fita a ƙafa huɗu. Fitilar ABS kuma ta kama idan an murɗa makulli, ta mutu bayan 'yan daƙiƙu. Wadda ba ta kamawa sam, a yi zargin an cire mata ƙwai.

Kuloci: zamewa, ƙin saki, da ƙara

Kano shimfiɗaɗɗen gari ne, shi ya sa kuloci mai zamewa yake daɗewa bai tona kansa ba, sai an yi lodi, ko an hau gadar Ƙofar Nassarawa, ko an nufi Jos. Hanyar kama shi ita ce a kan titi, injin ya yi zafi: sa giya ta 4 ko ta 5, juyin injin wajen 1,500 zuwa 2,000, ka take totur har ƙasa. Idan allurar juyi ta yi tsalle amma gudu bai ƙaru ba, yana zamewa. Gwajin da aka saba, na jan birkin hannu a sa giya ta 3 a saki kuloci a ga ko mota za ta mutu, yana aiki, amma a yi shi sau ɗaya, na daƙiƙa biyu, domin yana ƙona faifai.

Ko ya tabbata yana zamewa, a duba feda tukuna. Tana bukatar ɗan wasa a sama, wajen milimita 5 zuwa 15, kafin ta fara aiki. Idan an ɗaure kebur ko sandar masta har babu wasan nan, kuloci yana nan a ɗan take kullum. Sannan a leƙa ƙasan kwandon giyabos. Baƙin mai wuluk daga oyil sil na bayan injin yake. Mai warin ƙibiritu daga giyabos yake. Mai ruwa-ruwa da ke cin fenti man birki ne. Duk wanda ya jiƙa faifai zai sa shi zamewa da karkarwa, kuma sabon faifai a kan tsohon yoyo 'yan watanni zai yi.

Ƙin shigar giya shi ne inda aka fi yin asara. Kashe injin ka zagaya duk giyoyin. Idan a kashe ma suna wuya, matsalar tana wajen kebur ko sandunan giya ko cikin giyabos, ba ruwan kuloci. Idan a kashe suna shiga sumul, da an tayar kuma su ƙi, kuloci ne ba ya saki sosai. Tabbatar da haka da ribas: take kuloci har ƙasa, ƙirga daƙiƙa 5, ka sa. Idan ta yi gurnani, faifai yana ci gaba da juyawa. Yanzu bubbuga fedar sau 5 da sauri ka sake gwadawa. Idan ta shiga, ciwon na mai ne: iska, ko mastan sama, ko silindar ƙasa da ke jikin giyabos, kuma giyabos ba ya bukatar sauka. Ɗaga kafet ka haska inda sandar feda ta shiga masta, za ka iya ganin jiƙa a nan. Sa wani ya taka kana kallon silindar ƙasa, ka ga ko sandarta na tafiya sosai kuma tana tsayawa muddin ƙafa na kai. Idan tana komawa da kanta, roba ce ke saki. Sai dai a motoci da yawa na bayan shekarar 2000 silindar ƙasa tana cikin kwando, haɗe da rilis boris, wato boris ɗin da ke danna murfin kuloci. Wannan idan ta yi yoyo, babu makawa sai an sauke.

Ƙara kuwa lokacin da take zuwa shi ne shaida. Wadda ke farawa da zarar ƙafa ta ɗan danna feda, rilis boris ne. Wadda ake ji a firi ƙafa a sake, ta ɗauke idan an take, boris ɗin shaf na giyabos ne ko filawil, wato faffaɗan ƙarfen bayan injin da faifan kuloci ke mannewa a jikinsa. Karkarwa lokacin tashi a giya ta 1 tana iya zama faifai mai mai, ko filawil da ya ƙone, amma a fara duba injin sit, wato robobin da injin ke zaune a kansu. Robar da ta yage tana kawo irin wannan karkarwar, kuma canja ta bai kai rabin wahalar sauke giyabos ba.

Filawil mai hawa biyu

Wannan ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ya fi komai tsada a aikin kuma shi aka fi yi wa ganganci. Tun ƙarshen shekarun 1990 yawancin ƙananan motocin dizal na Turai, irin su Golf 4 da Passat TDI, 406 HDi mai doki 110, Mondeo TDCi da Avensis D-4D, suna zuwa da filawil da aka yi da ƙarfe biyu, da dogayen sifirin da giris a tsakaninsu. Aikinsa ya shanye bugun da injin dizal ke yi kafin ya isa giyabos. Idan ya gaji, za a ji kwaram-kwaram a silo da ke canjawa idan an taka kuloci, da wani bugu lokacin tayarwa da lokacin kashewa, da girgiza idan an take totur a babbar giya injin yana ƙasa.

Idan an sauke, a juya rabin na waje da hannu hagu da dama, a ƙirga haƙoran da ya wuce kafin sifirin ya tare shi. Abin da ya haura iyakar da kamfanin filawil ɗin ya ƙayyade ya yi yawa. Giris da ya fantsama a cikin kwando, da shuɗin ƙuna, da tsagewa a fuskarsa, duk hukuncinsu ɗaya. Ba a kai shi lefe. Walda da ake yi masa a haɗe rabi biyun, a ganina ita ce mafi munin dabara a wannan fanni: ba ya daidaituwa bayan walda, kuma faifan da aka yi domin irinsa galibi ba shi da manyan sifirin a tsakiya, don haka duk bugun injin kai tsaye yake sauka a haƙoran giya da karanshaf. Wanda ba zai iya sayen sabo ba, gara ya nemi cikakken saitin filawil mai hawa ɗaya da aka ƙera wa motar, wanda ke zuwa da nasa faifan mai sifirin. Zai ɗan ƙara jin ƙara a silo, amma giyabos zai tsira.

A kuma nemi abin da ya kashe na farkon. Nozul da ba sa feshi daidai suna sa injin rawa a silo. Batir ko kik mai rauni yana sa injin ya daɗe yana jan ƙafa wajen tashi. Tayar da mota da turi, da ɗabi'ar tafiya a giya ta 5 a gudun kilomita 40 don tsimin mai, duk suna dukan sifirin ɗin nan. Shi kuwa faifai, abin da ke cinye shi a garin nan bai wuce ɗora ƙafa a kan feda ana tafiya ba, da riƙe mota da rabin kuloci a kan gada ana jiran 'yan adaidaita sahu su matsa. Birkin hannu aka yi domin wannan.

Idan dai an sauke giyabos, a canja faifai da murfinsa da rilis boris tare, da silindar ciki idan irin ta ce, da oyil sil idan ya nuna ko ɗan gumi. Kuɗin aikin sauka ɗaya ne, babu dalilin biyan sa sau biyu. LuK, Sachs, Valeo, Exedy da Aisin su ne ke yi wa kamfanonin motocin kansu, amma jabunsu sun cika kasuwa, don haka a tafi da lambar shasi da tsohon kayan, a gwada faɗin faifai da yawan haƙoran tsakiyarsa. Faifai ɗan Baljiyam a auna naman da ya rage a saman ƙusoshinsa kafin a biya. Wajen ɗaurawa, a tsakaita faifan da sandar saiti, giris ɗan kaɗan a kan haƙoran shaf a goge ragowar, notocin murfi a ɗaure su a gicciye kaɗan-kaɗan, kuma kada a bar nauyin giyabos ya rataya a kan faifai, domin yana lanƙwasa shi tun kafin ya yi aiki.

Wajen cire iska a birki, yawancin motoci masu sitiyari a hagu daga baya dama ake farawa, sai baya hagu, gaba dama, gaba hagu, kofi kuma kada ya taɓa yin ƙasa. A tsohuwar mota a sa guntun katako a ƙarƙashin feda, domin idan ta kai har ƙasa, robar masta tana bi ta kan tsatsar da ba ta saba kaiwa ba, ta yage. Kada a hure ƙurar birki da iska ana shaƙa, a wanke ta. Notocin taya na ƙaramar mota wajen Nm 100 zuwa 120 suke so, hawa kan sifana da ƙafa yana karkata faifan birki. Sabon fad yana bukatar kilomita 200 zuwa 300 na birki a hankali kafin ya zauna, sabon kuloci kuma wajen 500 ba tare da lodi mai nauyi ba. Kafin mota ta motsa daga gareji bayan an canja fad, a bubbuga birki har ya yi tauri, domin an mayar da fistin ciki, kuma takun farko babu abin da zai kama.